Na dawo Albion Online bayan dogon hutu, in ci gaba da tsohon akawun ko in koma sabar Turai?

Dan_Thetford:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu buga Albion Online a nan a taimaka min da shawara. Rabona da gem ɗin tun farkon 2022, lokacin ba a daɗe da kawo safar hannu ta yaƙi ba, wato afdet ɗin Lands Awakened, daga nan bautar ƙasa da neman aiki suka ɗauke ni gaba ɗaya. Yanzu abubuwa sun ɗan lafa na sake sauke shi a waya, ina buɗewa sai ga shi wai in zaɓi saba, Americas ko Asia ko Europe, mu kuwa a zamaninmu guda ɗaya ce tal kowa da kowa a ciki.

Na shiga tsohuwar, Alhamdulillah kayana suna nan a bankin garin Thetford ba abin da ya taɓa su, tsibirina yana nan, san da nake dakon kaya da shi ma yana nan. Amma gild ɗinmu, wato ƙungiyarmu ta cikin gem, babu ita, ko watsewa ta yi ko cire ni aka yi oho, jerin abokaina kuwa duk ba mai motsi. Na leƙa kasuwa na ga kaya har da masu matakin ƙarin ƙarfi .4 alhali ni .3 na sani shi ne ƙarshe, na fita daji na ga wasu 'yan fitilu suna shawagi ban ma yarda na taɓa su ba, taswira ta cika da alamomin da ban gane ba.

Tambayata ita ce, in ci gaba da wannan akawun ɗin da na sha wahalar gina shi, ko in haƙura in fara daga sifili a ta Turai tunda na ji ana cewa ta fi mana sauƙin ping, wato jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da amsawar gem? Sannan firimiyam fa, wato rajistar da ake biya don samun ƙarin garaɓasa, in saya yanzu ko in dakata? Gatari da baka nake riƙewa a da, suna da sauran amfani kuwa?

Sarkin_Ganka:

Wa alaikumus salam, barka da dawowa tsohon hannu. Ni dai ba zan ɓoye maka ba, tattara ka dawo Turai kawai, magana ta ƙare.

Bari ka ji dalili. Waccan tsohuwar sabar a Washington take, ta Asiya da aka buɗe a Maris 2023 tana Singafo, ta Turai kuma a Amsterdam, an buɗe ta ƙarshen Afrilu 2024. Mu kuma wayoyin intanet ɗinmu na ƙarƙashin teku da suka tashi daga Legas yawanci Turai suka nufa, Fotugal da Ingila, kaga duk danna maɓallin da ka yi in Amurka za shi sai ya fara bi ta Turai sannan ya tsallaka wani tekun ya kuma dawo. A da ba mu da zaɓi shi ya sa muka saba har muke ganin kamar haka gem ɗin yake, amma ranar da ka yi faɗa ɗaya a Turai za ka ji bambancin a yatsanka, ka danna maɓallin gudu na takalmi ya amsa nan take, ba sai an riga an kwantar da kai ba sannan ka ga mutuminka yana shirin gudu. Gem ne fa da in an kashe ka a ja ko baƙin yanki komai na jikinka ya tafi, abin da bai farfashe ba wanda ya kashe ka ya kwashe, to a irin wannan wa zai yi wasa da ping.

Sai lokaci. Manyan faɗace-faɗacen gild a Turai da yamma zuwa dare ake yi a agogonmu, ka yi isha'i ka zauna ka samu jama'a. A ta Amurka sai mutum ya kai tsakar dare yana jiran mutane su taso daga aiki, ga asuba ga ofis.

Abu ɗaya dai ka sani, ba a ɗaukar mutum daga wata saba a kai wata. Ba azurfa (kuɗin cikin gem), ba fem (makin ƙwarewa), ba tsibiri, ko karas ɗaya ba za ka tsallaka da shi ba.

Alhajin_Kasuwa:

Haba Sarki, wai magana ta ƙare, daga fara ta? Kai saboda kashe mutane kake yi a hanya shi ya sa komai naka ping ne, ba kowa ne ɗan fashi ba a gem ɗin nan.

Malam Dan_Thetford ka fara gaya mana me kake yi a ciki tukuna. In kai mai saran itace ne ko haƙar ƙarfe, ko mai tace kaya da ƙira da saye da sayarwa, wallahi ping ɗin Amurka ba abin da zai hana ka, ni har yau a can nake kuma ban ga abin da na rasa ba. Fem ɗin da ka tara a allon nan na Destiny Board ba ya ruɓewa, yadda ka bar shi haka za ka same shi, kuma duk wanda ya taɓa kai sana'a ɗaya T8, wato matakin ƙarshe, ya san ba aikin sati biyu ba ne. Ka zubar da wannan don kawai an ce ana yayin Turai? Lokacin da aka buɗe ta ne ake cewa kowa daidai yake da kowa, yanzu can ɗin ma an yi nisa, akwai masu kuɗi akwai manyan gild da suka kama ƙasa, za ka je ne a matsayin sabon yanka rake da rigar T3.

Tsarin kasuwa bai canja daga yadda ka sani ba. Kowane gari da bankinsa da kasuwarsa, Thetford ce dai wurin tace ƙarfe, Fort Sterling katako, Lymhurst zare, Martlock fata, Bridgewatch dutse, baƙar kasuwa kuma na nan a Caerleon tana sayen kaya a hannun 'yan wasa don dodanni su riƙa zubarwa. Abin da zan ce ka yi kafin komai, kar ka sayar da ko tsinke a satin farko. Ka zagaya ka ga farashi tukuna, domin lissafin da ke kanka na 2022 ne, wani abin da ka ajiye a matsayin tarkace yanzu ya yi daraja wani kuma da kake ji da shi ya faɗi. Ka duba wajen odar da ka bari a kasuwanni ma, sau da yawa mutum na tarar da kaya ko kuɗi suna jiransa a garin da ya manta ya taɓa zuwa.

Batun firimiyam, amfaninsa na nan: ƙarin kashi 50 a fem da abin da ka tara, fokas (makin da ake kashewa a ƙira da tacewa da noma) 10,000 kullum har ya tsaya a 30,000, harajin kasuwa kuma ya sauko daga kashi 8 zuwa 4. Ana iya saye da azurfa har yanzu, sai dai ka shirya zuciyarka kafin ka duba farashin, ya tashi sosai ba kamar da ba. Ni shawarata ka buga kyauta tukuna, ai tun 2019 gem ɗin kyauta ne, sai ka tabbatar da gaske ka dawo ba marmari ba ne. Kwanakin firimiyam tafiya suke ko ka shiga ko ba ka shiga ba.

Kuma dan girman Allah duk wanda ya biyo ka inbos wai zai sayar maka da azurfa da naira ka rabu da shi, dokar gem ɗin ta hana, akawun ake rufewa.

Sarkin_Ganka:

Alhaji ka faɗi gaskiya mana, so kake ya zauna ka samu mai saye maka ƙarfe. Kuma ɗan fashin da kake zagi shi ke sa kasuwarka tafiya, in ba a kashe mutane kaya na farfashewa wa zai sayi sabo.

Alhajin_Kasuwa:

Wannan kam ban musa ba. Allah dai ya tsare sana daga hannunka.

Anti_Hila:

Ku biyun nan kun cika wa bawan Allah kunne ba ku amsa masa rabin tambayarsa ba. Sannu da dawowa ɗan uwa.

Fitilun da ka gani ƙofar shiga Mists ce, hazo kenan, an kawo shi a Nuwamba 2022 a afdet ɗin Beyond the Veil, tare da .4 ɗin da ka gani da kuma sabon gari Brecilien wanda ba a zuwa masa ta hanyar da aka saba sai ta cikin hazon ko hanyoyin Avalon. Wuri ne na mutum ɗaya ko biyu, ba gayya a ciki, shi ya sa masu dawowa da ba su da gild suke son shi. In ta yankin rawaya ka shiga ba a kwashe maka kaya, kwantar da kai kawai za a yi ka tashi ka gyara, in ta baƙi ne kuwa to ka san sauran. Ka fara da na rawaya da kaya masu arha irin 4.1, wato T4 mai .1, har hannunka ya dawo, don hannu na mantuwa fa, ni da na yi nawa hutun na dawo sai na ga ina neman inda maɓallin hula yake.

Gatari da baka duk suna nan ana amfani da su, amma ka zauna ka karanta bayanin kowace fasaha daga farko kamar ba ka taɓa gani ba, kusan kowane lokaci ana taɓa lambobi, a rage wannan a ƙara wancan. An kuma kawo sandunan rikiɗa a 2023 cikin Wild Blood, za ka ga mutum yana tsaye sai kawai ya zama damisa ya yo kanka, kar ka ɗauka waya ce ta rikice. Akwai kuma wani littafin ayyuka da aka sa a 2024, Albion Journal, yana ba ka abin yi ɗaya bayan ɗaya da lada, ga wanda ya tsaya a tsakiyar gari bai san ina zai dosa ba ya isa jagora.

Zancen saba kuma ni ban ga abin rigima ba. Imel ɗaya ne, faswod ɗaya, kana iya buɗe sabon mutum a Turai tsohon kuma na nan a Amurka ba wanda zai goge maka shi. Ka buɗe ka gwada ka ji da kanka.

Amma tunda ka ambaci jerin abokai, ina ga nan ciwon yake ba a ping ba. Na ga mutane da yawa sun dawo da azurfa jibge a banki, su yi kwana kaɗan suna kewaya gari a kan doki ba mai ce musu sannu, shikenan sai su sake gogewa. Wanda ya samu mutum huɗu biyar da za su kira shi a Discord su ce fito mu shiga danjin, ko a sabar da ping ke ja yake zama. Don haka kafin ka yanke, nemi tsofaffin mutanenka a Discord ko WhatsApp ka ji ina suka koma, in ba su to ka nemi gild mai karɓar sababbi wadda lokacinta ya dace da naka, ka tambaye su harajin gild nawa ne kuma ko dole ne fitowa duk sanda aka kira yaƙi, don wasu kamar aikin gwamnati suke ɗaukar abin har da rajistar halarta. In kuma kana son a riƙa nemanka ruwa a jallo, koyi sandar warkarwa, ba a taɓa samun masu hila sun yi yawa ba.

Yaro_Mai_Waya:

Yaya tunda a waya za ka buga ga nawa ɗan guntun. Manyan afdet ka bari sai ka samu wayfai ko datar dare, wasan kansa bai cika cin data ba, saukewar ce ke cinye ta. Ka rage girafik zuwa ƙasa, in ba haka ba waya ta ɗau zafi caji ya zube, musamman in an taru da yawa a wuri ɗaya. Kuma kar ka shiga baƙin yanki da kaya masu tsada in ka ga sabis na rawa ko ana hadari, in layi ya yanke mutuminka ba ɓacewa yake nan take ba, yana tsaye a wurin na ɗan lokaci duk wanda ya zo wucewa ya samu na banza. Kira ma haka, ana kiranka data ta tsaya, ni in zan yi dakon kaya zuwa Caerleon har gida nake faɗa wa kar a neme ni.

Dan_Thetford:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Alhaji ni rabi da rabi ne, ina haƙar ƙarfe amma abin da ya fi min daɗi Corrupted Dungeon, inda ake gwabzawa mutum ɗaya da ɗaya, kaga kenan maganar Sarki ma ta shafe ni. Anti na bi shawararki na tono tsohon gurup ɗinmu, mutum biyu sun amsa, ɗaya ya ce ya yi aure ya ajiye gem, ɗayan kuma yana Turai a Lymhurst har ya ce in na buɗe zai ba ni doki da kayan T4. To na buɗe ɗazu ina kan tsibirin koyo, na Amurka kuma na bar shi yadda yake ban sayar da komai ba, firimiyam ma sai wani watan in Allah ya kai mu.

Saura abu ɗaya, Sarki kai a wane gari kake fakon mutane, in san hanyar da ba zan bi ba?

Sarkin_Ganka:

Turo min sunan mutuminka ta inbos kawai, in na gan ka zan ɗaga maka ƙafa sau ɗaya. Na biyu kuma ka zo da doki mai gudu.