Musayar Baitoci a Kan Ɗan Wasan Ingila Pete Postlethwaite

Malamin Ƙofar Mata

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na buɗe zauren yau da wani ɗan wasan kwaikwayo wanda galibi ba shi ne jarumin fim ba, kuma ina roƙon duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

Da sunan Allah nake farawa,
Wanda ya ba kowane bawa rabonsa na baiwa.

Waƙar wani ɗan Ingila nake shiryawa,
Wanda sunansa ke yi wa harshenmu wuyar furtawa.

Warrington ne garinsa na haihuwa,
A 1946, Fabrairu na da kwana bakwai da kamawa.

Gidan Katolika ne, ba su da dukiyar nunawa,
Shi ne auta, su huɗu ne wajen tasowa.

Alli ya fara riƙewa, ya yi aikin koyarwa,
Kafin son dandamali ya fi ƙarfin dannewa.

Ya je makarantar wasa a Bristol domin ƙwarewa,
Sannan a zauren Everyman na Liverpool ya samu gogewa.

Ni da dutsen murhu nake kwatantawa:
Shi ke shan wuta, amma tukunya ake yabawa.

Ɗiyar Damagaram

Baba Malam, Allah ya ƙara maka lafiya. A gafarce ni, ban gamsu ba tukuna.

Baba, na ji baitocinka, ina kuma girmamawa,
Amma akwai tambayar da ta ƙi kwantawa.

Hoton jarumi ne a bangon silima ake mannawa,
Naka kuwa can ƙasa ne sunansa ake rubutawa.

Sai da ya haura arba'in duniya ta yi waiwayowa,
In gwani ne, me ya hana shi da wuri haskawa?

Ga fuska duk ƙashi, kumatu sun yi fitowa,
Irin wadda yaro zai gani ya ruga yana kuwwa.

Ɗan Zangon Kumasi

Ƙanwata, fuskar da kika raina ita ce jarin da ya ci kasuwa,
Domin labari na rubuce a kanta tun bai yi furtawa.

Ki nemi In the Name of the Father ki yi dubawa,
Fim ɗin 1993 ne, a kan shari'ar da aka yi karkatarwa.

Bam ya tashi a garin Guildford na Ingila a 1974, an rasa waɗanda suka yi dasawa,
Sai aka kama Gerry Conlon na Belfast, aka yi masa laƙabawa.

Mahaifinsa Giuseppe ya biyo sawu don ya yi cetowa,
Shi ma aka haɗa da shi, kurkuku ya yi ta haɗiyewa.

A 1980 tsohon ya cika a tsare, ƙirji na ta sarƙewa,
Sai a 1989 kotu ta saki ɗan, bayan an gama cutarwa.

Daniel Day-Lewis ne ɗan, yana tsawa yana zaburowa,
Pete ne uban, yana jan carbinsa, murya na rawa.

Ban ɓoye miki ba, a kan uban idona ya yi ta tsayawa,
Shi ya koya mini cewa haƙuri ma ana iya kwaikwayowa.

An sa shi takarar Oscar a rukunin masu tallafawa,
Bai ci ba, amma daga ranar ƙofofi suka yi ta buɗewa.

Malamin Ƙofar Mata

Madalla, ɗana, ka riga ni kan abin da na ɓoye. Bari in ƙara ɗaya.

A 1996, cikin fim ɗin Brassed Off, na ga abin tausayawa,
Garin masu haƙar kwal a Yorkshire, ana shirin rufewa.

Shi ne Danny, shugaban masu busa ƙaho, bai san sassautawa,
Ƙurar kwal ta ci huhunsa, tari na ta tsanantawa.

Mutanensa na kukan abinci, shi gasa yake ta hangowa,
Har ka ji haushinsa, ka ce tsohon nan ba ya ganewa.

Da suka ci kofin a Landan, sai ya ƙi karɓowa,
Ya ce mutanen sun fi kiɗan, bayan a baya kiɗan yake fifitawa.

A shekarar ce ya zama limamin coci a fim ɗin Romeo + Juliet, mai haɗa maganin sumewa,
Dubi tazarar riguna biyun, mutum ɗaya ke sakawa.

Ɗan Zangon Kumasi

A 1997 fim biyu ya yi wa darakta Steven Spielberg, ba hutawa,
Maharbin manyan dabbobi, da lauya a shari'ar bayin da suka yi tayarwa.

Spielberg ya kira shi mafi gwanintar ɗan wasa a duniya, ba ragewa,
Ƙanwata, me ya saura kuma na musantawa?

Ɗiyar Damagaram

Yaya, yabon maigida ga mai yi masa aiki ba ya isar da shaidawa,
Kowa ya samu ma'aikaci nagari bakinsa ba ya rufuwa.

Abin da ya karya ni, na je na yi bincikowa,
A 2008 ya koma Everyman, inda ya yi farawa.

Yana da shekara 62, a matsayin Sarki Lear na wasan Shakespeare ya yi fitowa,
Tsohon da ya raba mulki ga 'ya'ya, hankali ya yi ta gushewa.

Wanda Hollywood ke nema ya koma ƙaramin zaure yana gumi yana faɗuwa,
Wannan ita ce shaidar da nake amincewa.

Malamin Ƙofar Mata

'Yata, kin kawo mu kusa da wurin rufewa,
Domin a fim ɗin The Town na 2010 jikinsa ya nuna ramewa.

Mai sayar da furanni ne, ƙasurgumin mugu a ɓoyewa,
Yana gyaran fure yana barazana, gaba na faɗuwa.

Ciwon daji ne ajalinsa, a Shrewsbury ya yi cikawa,
Ran 2 ga Janairun 2011, yana da 64, bai kai ga ƙarawa.

Ɗiyar Damagaram

Baba, na karɓi mutumin, murhun ne nake mayarwa,
Domin Lear tukunya ce, kuma shi ya yi ɗaukowa.

Yaya, daren nan fim ɗin Giuseppe zan yi kunnawa,
In fuskar ta ba ni tsoro, gobe da baiti zan yi dawowa.