Don Allah wa ya san dokar kamun kifi a kogin Kenai?

Salam 'yan uwa, ina Anchorage ne a Alaska, ni da wani abokina mun shirya zuwa Soldotna, garin da ke bakin kogin Kenai, kamun kifin salmon a watan Yuli, to ni ranar Litinin kawai nake samun hutu a wurin aiki, sai gashi ashe Litinin ɗin ce aka hana kamun kifi daga jirgi mai inji a ɓangaren kogin Kenai na wajen gangare, sai kwalekwalen da ake tuƙawa da filafili kana bin ruwa. Namu kuwa mai inji ne. In mun kashe injin ya wadatar, ko dole mu cire shi gaba ɗaya? Ko gara mu ɗauki hayar mai kwalekwale a kogin Kasilof? Wallahi abin ya dame ni, har na biya kuɗin masauki.