Neman kalmar Hausa: me za mu kira bayogas?

'Yan uwa masu fassara da rubutu, ina neman shawararku a kan kalmar bayogas, wadda ke yawan fitowa duk lokacin da ake maganar yadda birane ke kwashe shara su mayar da ita makamashi. Aro ba laifi ba ne, domin gas ɗin kansa aro muka yi, amma wanda ya ji bayogas ba zai gane cewa ragowar abincin da ya zubar jiya tana cikin lissafin ba.

Kafin raɗa suna, ya kamata a san abin da ake raɗa wa. Ana tara ragowar abinci da ɓawon kayan marmari da kashin dabbobi, a zuba su cikin tanki, a rufe shi ruf yadda iska ba za ta shiga ba, sai ƙwayoyin cuta marasa buƙatar iska su yi ta cin wannan kwaɓi na tsawon makonni, galibi a ɗumin da ya kai digiri 35 zuwa 37. Gas ɗin yana tasowa kumfa-kumfa ya taru a saman tankin. Kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari nasa metan ne, wato ɓangaren da ke kama wuta, kuma warin bara-gurbin da ake ji daga gare shi na wani sinadari ne mai ɗauke da farar wuta. Abin da ya kwanta a ƙasa taki ne mai kyau. Idan aka tace gas ɗin, har mota yana tuƙawa, kamar yadda bas-bas na birane da dama ke aiki da shi a Suwidin.

Na ga wasu suna rubuta "gas ɗin shara", amma ban gamsu ba, saboda kwalba da gwangwani da leda duk shara ne, alhali ko shekara suka yi a tankin ba za su ba da komai ba. Waɗannan nasu sake sarrafawa ne, a narka su a ƙera sabo. A Indiya suna cewa gobar gas, wato gas ɗin kashin shanu, sai dai wannan ya yi wa birni kaɗan, tunda sharar gidaje da kasuwanni ce ta fi yawa a birni. "Gas ɗin halitta" kuwa zai rikice da wanda ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa.

Shawarata ita ce "gas ɗin ruɓa", domin ruɓewa ita ce asalin aikin, kuma kalmar tana haifar da 'yan uwanta ba tare da wahala ba: shara mai ruɓewa, shara marar ruɓewa, tankin ruɓarwa. Wannan yana da amfani ga ma'aikacin kwashe shara, wanda abin da yake roƙon magidanci shi ne ya ware mai ruɓewa a mazubi daban, tunda leda da ƙarfe suna toshe bututu kuma suna ɓata takin.

Na san za a ce ba kowace ruɓewa ke ba da gas mai kama wuta ba, domin tsibin takin da ake juyawa a sarari iska na ratsa shi, ba ya ba da metan na a zo a gani. Gaskiya ne, amma suna ba ya ɗaukar bayani duka. Abin da ban yanke ba shi ne tsakanin "gas ɗin ruɓa" da "iskar ruɓa", kuma na fi karkata ga na farko, saboda na biyun zai sa mai sauraro ya zaci wari kawai ake nufi. Malamai masu koyar da kimiyya da Hausa, wanne ya fi zama a bakin ɗalibanku?