Jimillar momentam sifili ce, amma makamashin motsi bai ɓace ba: ina kuskurena?

Ɗalibar Fiziks:
Assalamu alaikum, malamai. An koya mana cewa makamashin motsi na ƙwaya guda shi ne p²/2m, wato a ninka momentam (nauyin abu sau gudunsa) da kansa, a raba da ninki biyu na nauyin ƙwayar. Na ɗauki ƙwallaye biyu, kowanne kilogiram 2, suna tunkarar juna da gudun mita 3 a daƙiƙa. Momentam ɗinsu 6 ne da −6, jimilla sifili, amma kowannensu yana ɗauke da makamashin jul 9 (jul shi ne ma'aunin makamashi), wato 18 gaba ɗaya. Idan na sa jimillar momentam a cikin wannan ƙa'ida sai in samu sifili. Ina na kauce?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, 'yata. Lissafinki daidai ne, ƙa'idar ce kika ɗora wa kayan da ba nata ba. Momentam yana da alƙibla, shi ya sa na dama yake soke na hagu, shi kuwa makamashi ba ruwansa da alƙibla, tara shi kawai ake yi. A taron ƙwayoyi, makamashin motsi kashi biyu ne, kamar yadda masanin lissafi Samuel König ya nuna a 1751: kashi na farko shi ne P²/2M (P jimillar momentam, M jimillar nauyi), na tafiyar cibiyar nauyin taron gaba ɗaya, na biyu kuma na kai-komon ƙwayoyin ne idan an auna su daga wannan cibiya. A misalinki cibiyar tana tsaye cik, don haka duk jul 18 ɗin na kashi na biyu ne. Haka iskar da ke cikin rufaffiyar kwalba take: kwalbar ba ta motsi, amma ƙwayoyin cikinta suna ta zirga-zirga, kuma wannan zirga-zirgar ce ma'aunin zafi yake nunawa.

Mai Nazari:
Da izinin Malam, zan ƙara abin da ya fi ba ni sha'awa. A ce ƙwallo ɗaya yana tsaye, ɗayan ya zo da gudun mita 6, suka yi karo suka manne. Kafin karon makamashin jul 36 ne, momentam kuma 12. Tunda momentam ba ya raguwa, dole su wuce tare da gudun mita 3, wato da jul 18. Rabi kaɗai ya koma zafi da ƙara, sauran rabin kuwa momentam ya ɗaure shi, babu karon da zai iya taɓa shi. A naki misalin, da ƙwallayen sun manne, da sun tsaya, duk jul 18 sun narke. Wannan ne dalilin da ya sa a cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke Turai ake haɗa rukuni biyu na furoton, wato ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar atam, gaba da gaba maimakon a harba su kan abin da yake tsaye.

Ɗalibar Fiziks:
Na gode, malamai. Ashe jul 18 ɗin da suka narke a misalan biyu iri ɗaya ne, domin a kowanne ƙwallayen suna kusantar juna da mita 6 a daƙiƙa.