Wace kalma ce za ta ɗauke mana "corruption" gaba ɗayanta?

Jama'a, ku taya ni. Duk inda aka ce corruption, mu "cin hanci da rashawa" muke cewa, har ranar 9 ga Disamba da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don yaƙi da wannan cuta, da sunan nan muke kiranta. To amma hanci da rashawa abu guda ne aka faɗa sau biyu. Rashawa daga "rishwa" ta Larabci take, wato toshiyar baki: wani ya miƙa, wani ya karɓa.

Shi kuwa wanda ya buɗe asusun gwamnati ya kwashe shi kaɗai, wa ya ba shi hanci? Wannan sama da faɗi ne, ko rub da ciki. Mai cusa ƙaninsa a aiki ya tsallake wanda ya fi cancanta, ko sisi bai karɓa ba, son kai ne. Malamin da ke neman ɗalibarsa kafin ta ci jarrabawa fa? Duk Bature kalma ɗaya yake jefa musu.

Asalin kalmar corruption daga Latin ne, ma'anarta ɓata abu ko ruɓar da shi. Shi ya sa na fara tunanin "lalata", sai na ga ta riga ta tsere mana. Ka ce an kama shugaba da lalata, ba wanda zai tuna baitulmali, mace za a tambaya. "Ɓarna" kuma ta yi faɗi, ko ɓera ma yana yinta. Mugunta da ƙeta ba su shiga nan ba, don maƙetaci ko bai samu komai ba, ya dai ga ka wahala ya ishe shi.

Wani dattijo ya ce mini, "Yaro, me ya hana ku fasadi?" Na ga gaskiyarsa. Da ita Larabawa suke kiran wannan cuta har yau, ita ce kuma a Suratur Rum, aya ta 41. Na ce, "Baba, ai mutane da alfasha suke haɗa ta." Ya ce to a sa mata jela.

Ni dai nan na tsaya: fasadin mulki, fasadin dukiya, fasadin ɗabi'a. Hanci, almundahana da handama su zama 'ya'yanta. Mai ja, ya kawo tasa, amma sai ta iya kama mai asusun nan da malamin nan a jimla ɗaya.