Yaya Senghor ya rayu a hannun Jamusawa, kuma me ya samu sauran fursunonin?

Tambaya daga Ɗan Maraɗi:
Assalamu alaikum. An ce Léopold Senghor na Senegal ya yi zaman fursunan yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Ta yaya ya tsira, alhali an ce Jamusawa na harbe baƙaƙen sojoji?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. An kama shi a Yunin 1940 a La Charité-sur-Loire, yana ƙaramin soja a rundunar Faransa. Haɗarin ya fi yawa a ranakun kamu. A watan ne aka karkashe sojojin Afirka da suka miƙa wuya a Chasselay, kusa da Lyon. Wanda ya kai sansani kuma, yunwa da sanyi da tarin fuka ne abokan gabarsa. Jamus ba ta yarda a kai baƙaƙe ƙasarta ba, saboda ƙyamar launin fata da tsoron cututtuka, sai ta tsare su a cikin Faransa, a sansanonin da ake kira Frontstalag. Senghor ya zauna a na Poitiers, mai lamba 230. Wannan ya taimaka, domin matan Faransa kan aiko wa fursunoni ƙunshin abinci da tufafi da wasiƙa. An sallame shi a 1942 bisa dalilin rashin lafiya.

Hajiya Ladi:
Ƙari kan bayanin Malam: ya koma koyarwa, ya zama ɗan majalisar Faransa a 1945, shugaban ƙasar Senegal a 1960, ya sauka don kansa a ƙarshen 1980, ya rasu a Faransa a 2001. Amma kada a auna sauran da shi. Shi malamin sakandare ne mai takardar zama ɗan Faransa tun kafin yaƙi.

Sani Damagaram:
Gaskiyarki, Hajiya. Sunan "tirayar Senegal", wato baƙaƙen sojojin Faransa daga Afirka, ya haɗa har da mutanen Nijar da Mali da Gini. Matsalarsu kuɗi ce. Fursuna na bin bashin albashin shekarun tsare da kuɗin sallama, sai aka ce su hau jirgi tukuna, a biya su a Dakar. Da suka isa sansanin Thiaroye kusa da Dakar suka ƙi watsewa sai an biya, sojojin Faransa suka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944. Rahoton soja ya ce mutum 35 aka kashe. A 2014 shugaban Faransa Hollande ya ambaci 70, wasu masana tarihi kuwa na cewa ɗaruruwa ne. Waɗanda suka rayu ma, dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai bayan shekara ta 2000.