Bashi ya taso ni gaba, in sayar da motocin wasan da na tara?

Salamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Tun ina saurayi nake tara ƙananan motocin wasa na ƙarfe, Hot Wheels da Matchbox, har sun cika kabad. Wasu ko kwalinsu ban ɓare ba. To ga bashi biyu a wuyana: na banki mai kuɗin ruwa, da na wani aminina da ya rufa min asiri lokacin da aiki ya tsaya. Maiɗakina ta ce in sayar, ni kuwa zuciyata ta ƙi. Me kuka gani?

Wani mai tara irin kayan:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin a zo ga sayarwa, ka san kuɗin da za su yi kuwa? Mu masu tarawa da abin da muka kashe muke lissafi, mai saye kuwa ba ruwansa. Tun 1968 kamfanin Mattel ke ƙera Hot Wheels, an yi biliyoyi, don haka wadda ta cika kasuwa ko a kwali take ba ta da wani kuɗi. Masu daraja su ne na farko-farko masu jan zobe a jikin taya, na 1968 zuwa 1977, sai Matchbox 'yan Ingila masu sunan kamfanin Lesney a ƙarƙashi. Ka kifa kowacce ka duba. Sai dai shekarar da ke ƙasan Hot Wheels ta zanen motar ce, ba lallai ta ƙera ta ba, nan ake yawan ruɗewa. A eBay kuma, wato kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ka dubi farashin da aka riga aka sayar, ba wanda mai kaya ya yanka wa kansa ba, sannan ka cire lada da kuɗin aikawa.

Wata 'yar'uwa:
Malam, bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma fa matarka ta fi ka gaskiya. Kuɗin ruwa kullum hawa yake, motocin kuwa ba wanda ya yi maka alkawarin za su tashi. Masu tara Beanie Babies, 'yan tsanan dabbobi na ƙyalle, su ma haka suka yi ta jira har kasuwar ta rushe a ƙarshen shekarun 1990. Ka fara kashe na banki. Amininka kuma ka je da ƙafarka ka faɗa masa ranar biya, kada ya ji a bakin wani cewa ka sayar da kaya.

Wani dattijo:
Ɗana, kada ka yi wa dillali jimla, zai taya maka da wulaƙanci don ya ga kana matse. Masu tsadar ɗai-ɗai, tarkacen a haɗe. Ka ware 'yan kaɗan da ranka ya fi so.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kifa su, akwai masu jan zoben, amma fentin wasu ya goge. In sake musu fenti?

Mai tara kayan:
Kul! Sabon fenti karya musu daraja yake. Share ƙura kawai, ka ɗauki hoto da gogewar a fili.